Takardar Da Na Ajiye Ban Karanta Ba

A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, ni magidanci ne mai 'ya'ya uku, ɗan Dakoro da ya sauka Maradi neman abinci. Awon hatsi nake yi a rumfar wani attajiri. Ban san ko baƙi guda na boko ba, amma kullum da alƙalami a aljihun rigata, don na lura mai alƙalami ana ba shi hanya. Mu mutanen Dakoro da kewaye da muka taru a unguwa guda muna da 'yar ƙungiyar taimakon juna: in an yi rasuwa mu haɗa likkafani, in baƙo ya sauka mu nema masa ɗaki. Da yake ba ni da saurin fushi, sai aka ba ni shugabanci. Ina jin alƙalamin ma ya taimaka.

Wata shekara damina ta yi gardama, mutanen ƙauye suka yi ta kwararowa birni. Aka kira shugabannin ƙungiyoyi irin tamu horo na kwana bakwai a wani ajin lakkwal, wato makarantar boko, don a koya mana yadda za mu gano mabukata a unguwanninmu, a taimake su da hatsi. Mushe, wato malamin da ya koyar da mu, mutumin kirki ne. Tun ranar farko ya ce wanda bai iya karatu ba ya ɗaga hannu, ba abin kunya ba ne, za a samo mai karanta masa. Mutum uku suka ɗaga. Ni na dubi aljihuna, na bar hannuna a kan cinya. Ran da za mu watse ya ba kowa takarda guda mai rubutun Hausa, ya ce abin da lokaci bai bari ya faɗa ba yana ciki, kada kowa ya soma aiki sai ya karanta. Ya kuma ba mu ƙananan takardu shuɗɗa da za mu raba wa mabukata, su je da su mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, su karɓi hatsi. Na ninke babbar takardar na jefa a akwati. Na ce a raina, ni da na yi shekaru ina awo, wace takarda ce za ta koya mini rabon hatsi?

A unguwarmu akwai wani dattijo mutumin Korahane, abokin mahaifina, da nake kira Baba. A zamaninsa rumbunansa sun ciyar da rabin garinsu, kuma mu kanmu mun ci hatsinsa a wata shekarar yunwa ina yaro. Daga baya gona ta ƙi, dabbobi suka ƙare, ya biyo ɗiyarsa da ke aure a Maradi, amma ya kama ɗakinsa dabam shi da matarsa tsohuwa, yana tufkar igiya yana sayarwa. Babbar rigarsa guda ce, kullum a wanke. In ka tambaye shi gida, sai ya ce sai godiya. Matata ce ta gaya mini tsohuwar kan yi kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba.

Na kai masa shuɗiyar takarda. Ya yi dariya, ya ce ashe yaron da ya taɓa ɗauka a wuya ya zama kumandan mai mulkin gari, to me kumandan ya kawo wa talakansa? Na san in na ce sadaka ce ba zai karɓa ba. Sai na ce takardar 'yan ƙungiya ce, kowa ma yana da irinta, rabo ne gwamnati ke yi wa kowane gida. Ya juya ta, ya tambaye ni abin da aka rubuta a jiki. Na ce ai sunan ƙungiya ne kawai. Wallahi ni ma ban san abin da ke jikinta ba. Ya ce tunda ni ne mai alƙalami, ya yarda.

Ranar rabo ya sa rigar nan tasa, na raka shi mangaza da hantsi. Jama'a ta cika wurin. Magatakarda yana karɓar takarda, ya kira sunan mutum da ƙarfi, sannan ya fassara kalmar Faransancin da ke ƙasa don masu awo su san tiya nawa za su zuba. Da aka zo kan Baba, ya kira sunansa da na mahaifinsa, ya ce miskini, marar mai ciyar da shi. Wanda ke riƙe da bakin buhu a lokacin, cikin 'yan dakon da aka ɗauka aikin ranar, mijin ɗiyar Baba ne. Duk wanda ya san kunyar da ke tsakanin suruki da suruki ya san abin da kalmar nan ta yi musu su biyu. Mijin ɗiyar ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Baba ya juyo wurina. Ya miƙo mini jakar da ya zo da ita, ya ce in riƙe masa, zai kewaya ya dawo. Na tsaya da jakar har aka rufe mangaza.

Kafin kwana uku sun koma Korahane shi da tsohuwar, cikin wannan fari. Na ɗauki wata biyu kafin na iya binsa. Ya tarbe ni da fura mai ruwa-ruwa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Duk sanda na ɗauko maganar sai ya kawo ta damina. Da zan tafi ya raka ni bakin gari, ya ce kada in damu, yunwar gida ba ta kiran sunan mutum a bainar jama'a. Bai ga kaka biyu bayan nan ba.

Yanzu na dawo Dakoro, shekara ta uku ke nan ina zuwa makarantar yaƙi da jahilci, da furfurata. Watannin baya ina neman wani abu a akwati na ci karo da babbar takardar nan, ta yi ja. Na zauna a inuwa ina haɗa baƙi da baƙi. A layi na huɗu an rubuta cewa dattawa da duk wanda ake jin zai ji nauyi, kada a tura su mangaza. Shugaban ƙungiya ya karɓo musu da kansa, a kai gida ta hannun mata, ba tare da kowa ya sani ba. Na karanta sau uku. Ashe hanyar rufa wa Baba asiri tana cikin akwatina tun ranar farko.

Ban ga laifin mushe ba, ban ga na magatakarda ba. Na tsare kunyata ta ɗaga hannu na ɗan lokaci, na sayar da mutuncin da dattijo ya yi shekara saba'in yana tsarewa. Shi ya sa nake roƙon masu aikin taimako, musamman shugabannin ƙungiyoyi: ku tambayi abin da ba ku sani ba, kuma kada ku miƙa wa mutum takardar da ba ku san abin da ta ce a kansa ba. Mai bukata ba cikinsa kaɗai ya zo da shi ba. Wannan wasiƙa da hannuna na rubuta ta, cikin kwana tara. Jakar Baba kuwa tana nan rataye a ɗakina.