Mun Ɓatar da Kabarin Abakar

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne ƙanena Abakar a kan wani dutse a ƙasar Gera, can gabas da Njamena. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, ni kuwa ba na musu. Da tunawa ce kawai ta dame ni, da na yi shiru kamar yadda na saba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne, a yau babu mai rai da zai iya nuna inda Abakar yake kwance, har da ni da na sa shi a ƙasa da hannuna.

Mu 'yan unguwar Sabangali ne a Njamena, jikokin mahajjatan da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, tafiya ta tsaya musu a bakin kogin Shari. Ni na gaji zama, na buɗe shagon yadi a unguwar Kelemat. Abakar ya gaji ƙafa. Malamin labarin ƙasa ne a wata lise, wato makarantar sakandare, amma da an ba da hutu sai ka neme shi ka rasa, ya shiga motar Mongo ta ƙasar Gera, ya haye duwatsu, ya kwana can sama shi da gwaggon biri. A Njamena, garin da ko tudun kirki babu, mutane ba su san inda za su ajiye irin wannan ɗabi'a ba. Wasu suka ce iska ce ta taɓa shi, wasu suka ce zinariya yake nema a ɓoye.

Hawan dutsen ma bai ba mu dariya kamar shirin tafiyar ba. Yakan zo shagona ya ɗora kayansa ɗaya bayan ɗaya a kan sikelin maƙwabcina mai sukari. Cokalinsa ya datse masa rabin mariƙi. Gwangwanin tumatir ɗaya shi ne tukunyarsa, shi ne kofin shayinsa. Guzuri kuwa dabino ne da garin gero da busasshen nama, sai gorar ruwa. Waya ma ajiye ta yake yi a gida, wai nauyin banza ce a inda babu layi. Yakan ce kakanmu ya ratsa ƙasa uku da buzu da gora da sanda, mu jikokinsa ko ƙetare titi za mu yi sai mun nemi mai amalanke.

Abu ɗaya ne bai taɓa ragewa ba, farin alawayyo mai tsawo, wanda ni nake yanka masa. Da rana ya kafa shi a sanda ya zama rumfa, da sanyi ya lulluɓa, da shi yake tace ruwan kwarmin dutse. Mun san mene ne asalinsa, don mahajjatan dā ba sa barin gida sai da likkafaninsu a cikin kaya. Ina yi masa tsiya cewa mai datse cokali bai kamata ya goyi yadi har haka ba, shi kuma ya ce wannan kaɗai ne kayan da ya tabbata zai yi amfani da shi.

Sau ɗaya na yarda na bi shi, kuma tafiyar ke nan. A tasha ya zazzage jakata, ya fid da bargo da rediyo da tukunya ya ba direba ajiya, ya ce, "Yaya, dutse za mu hau, ba amarya za mu kai ba." Na hau ina haki ina tsine wa ranar da na biye masa. Amma da muka kai sama da la'asar sakaliya, iska ta buge ni, na hango hayaƙin ƙauyuka can ƙasa da shanu kamar tururuwa, sai na bar tsinuwar. Ranar na gane ƙanena ba mahaukaci ba ne.

Da safe ya gangara ɗebo ruwa, dutse ya juya a ƙarƙashin ƙafarsa. Kafin azahar ya cika, kansa a cinyata. Mutanen ƙauyen gindin dutsen suka hau da fartanya, wani dattijo a gabansu. Ya ce mini a wannan zafi, da wannan gangare, sauko da shi wulaƙanci ne, a gaggauta masa kamar yadda addini ya ce. Muka sami ƙasa tsakanin wasu manyan duwatsu biyu, kusa da wani ɓaure. Muka naɗe shi a alawayyon, muka yi masa salla, muka jera duwatsu a kai.

Da na dawo, mahaifiyarmu, Iya, ba ta tambayi yadda ya faɗi ba. Tambayarta ɗaya, ko akwai inuwa a wurin. Na ce akwai ɓaure. A shekarun farko nakan je ziyara, dattijon nan yana gaba ina baya, sai a zuwana na ƙarshe na tarar masu gawayi sun sare ɓauren. Daga nan gwiwa ta kama ni, likita ya hana ni ko hawan bene. Iya kuwa tun da ta ji babu inuwa ba ta sake samun sukuni ba.

Zenaba, 'yar Abakar, tana ƙarama ya rasu. Bara ta gama lise, ta ce za ta ga kabarin ubanta ko da kuwa goya ni za ta yi. Iya ta kawo dashen dogon yaro da ta raina a leda da hannunta, ta ce a dasa a wajen kansa. Muka tafi. Dattijon ya rasu, 'ya'yansa sun tafi arewa haƙar zinariya. Dutsen na nan, tun daga hanya muke ganinsa, sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wata damina mai ƙarfi ta zabtaro gefen dutsen, duwatsu sun hau kan duwatsu, ko kututturen ɓauren babu. Duk inda na duba manyan duwatsu biyu ne da ƙasa a tsakani. Muka yi ta zagaye har gwiwata ta ƙi, na zauna. Zenaba ta tsaya a kaina da dashen a rungume, ta nuna wani wuri.

"Baffa, nan ne?"

"Ban sani ba, Zenaba."

Mutumin ƙauyen da ya raka mu ya ce kalas, shi ke nan, mu dasa a ko'ina, ai dutsen duka ɗaya ne, addu'a ba ta ɓata hanya. Gaskiya ya faɗa. Zenaba ta yi addu'arta tana fuskantar gangaren gaba ɗaya, amma ta ƙi dasawa. Ta ce Iya wajen kansa ta ce, ba za ta koma ta gaya wa tsohuwa ƙarya ba. Ta sauko da shi kamar yadda ta hau da shi.

Nakan tambayi kaina abin da Abakar zai ce da ya leƙo yau. Zai ga mun yi ƙaura zuwa unguwar Atrone, mun cika ɗakuna da kayan da duk damina muke ɗorawa a kan tebur don gudun ruwa. Zai ga wayar 'yarsa tana nuna wa mutum daidai inda yake tsaye ko a tsakiyar daji, sai dai wayar ba ta san wurin da ba a taɓa gaya mata ba. Na tabbata zai yi dariya har da riƙe ciki in ya ji an hau dutse da bishiya da ƙasarta. Kuma na san zai ce daga nan zuwa Bahar Maliya hanya cike take da kaburburan danginmu da babu wanda ya san inda suke, me ya fi su da shi? Wannan magana za ta ishe shi. Ba ta ishe ni ba, ba za ta ishi uwar da ta haife shi ba.

Mutuwa rigar kowa ce, na yarda. Amma na ɗauka ko ba komai za a bar mana wurin tsayawa. Ɗalibansa sun watse, babu wanda ya gaji ƙafarsa. Gwangwanin da guntun cokalin sun ɓace a ƙaura. Ya rayu yana rage kaya, ga shi duniya ta ƙarasa masa aikin. Abin da ya saura shi ne 'yar da ba ta iya ƙarya, da ni da hankalina ya fara yi mini gardama a kan ko duwatsun nan biyu gabas suke da inda ya je ɗebo ruwan ko yamma.

Ranar da muka dawo, Iya na zaune a tsakar gida. Ta dubi Zenaba, ta dubi abin da ke hannunta, ba ta tambaye mu komai ba. Ta ce, "Ku ajiye shi a inuwa. Baɗi kwa koma."

Ta hana a dasa shi a gidan. Saiwa ta fasa ledar, aka mai da shi bokiti, ta fasa bokitin, aka yanka masa rabin duro. Yanzu ya kai ƙirjina, ƙarti biyu ba sa iya ɗaga shi daga ƙasa. Kullum da safe Iya takan dogara sandarta, ta ɗauki buta, ta je ta ba shi ruwa.