Fuskar Inna Tana Amurka

A unguwar Arba wa Nus ta Alƙahira na tashi, a hawa na uku na wani gini da bai taɓa ganin fenti ba. In sanyin Alƙahira ya shigo, Kaka takan hura gawayi a baranda bayan magariba, ta ɗora gahawa, mu kewaye ta muna gasa tafin ƙafa. Tatsuniya kam tana da ita buhu-buhu. Amma akwai labari ɗaya da ba ta buɗe shi da "ga ta nan", don ta ce wannan ba ƙarya ba ne.

Tana 'yar shekara biyar, ayarinsu na masu tafiya Makka a ƙafa ya yada zango a wani ƙauyen Sudan. Sai ga Bature daga Amurka, mai ɗaukar wa jarida hoto, da akwati mai ƙafa uku. Ya jera su kamar tumaki. Ita ya zaunar da ita a gaba da buta a hannu, mahaifiyarta kuma, Inna, ya tsayar da ita a baya, kafaɗa da kafaɗa da uban mijinta, wai don tsayi ya daidaita. Ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle, ya ɗaga wani faranti mai hoda. Fuu! Wuta ta tashi, jakuna suka tsinke igiya. Nan mukan tuntsire da dariya, ita ko murmushi babu.

"Ku yi ta dariya, ja'irai," takan ce. "Wata biyu bayan nan zazzaɓi ya ɗauke Innata. Wallahi na manta kamanninta. Amma fuskarta tana can Amurka cikin akwatin mutumin nan. Ya ce zai aiko. Khalas, shi ke nan, ku tashi ku yi isha'i."

Da na girma na sami aikin tafinta a unguwar Zamalek, na shekara uku ina tonon tsoffin hotuna a intanet, har na ci karo da shi. Ga yarinya da buta. A ƙasa an rubuta sunan Baturen cikakke, da na jaridarsa. Su kuwa kalma biyu suka samu: baƙaƙen mahajjata.

Inna tana ciki. Amma wace 'yar mutunci ce za ta ɗaga kai a gefen surukinta? Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. Abin da ya fito saman mayafi ne da yatsu huɗu. Kaka tana gaba, ba ta taɓa sanin haka aka yi ba. Da mutumin nan ya tambayi ko mutum ɗaya a ayarin, da an gaya masa ba a haɗa su. Ina! Bai tambaya ba. Ya sami abin da ya zo nema, ya naɗe kayansa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A lokacin, Kaka ta haura casa'in, idanu sun tafi. Na sa mata wayar a hannu, ta daɗe tana shafa gilashin.

"Ke, faɗa mini. Na yi kama da ita?"

"Sak, Kaka," na ce. "Har hancin."

"Allahu akbar. Ashe bawan Allahn nan ya riƙe amana."

Da ina ƙarama na ɗauka labarin haƙuri take koya mana. Yanzu ban san me na koya ba, ban da ƙaryar da na yi mata. Daga ranar har ta rasu, ba ta idar da salla ba tare da ta sa wa Baturen nan albarka ba, ni kuma ina gefe ina cewa amin.