Tagogin Villa Carzani

Amilcare Bonfanti ya fi tsoron doka a kan mutuwa. Tsawon rayuwarsa yana tuƙa jirgin fito a tafkin Como, bai taɓa ƙara mutum ɗaya a kan ƙa'ida ba, ko da ƙanin mahaifinsa ne ke ɗaga masa hannu daga gaɓa. Mutanen garinsu kan ce ko a mafarki ba ya taka ciyawar da aka hana takawa. Wasu suna kiran wannan kirki, amma gaskiya tsoro ya fi yawa a ciki.

Jirgin ne ya haɗa shi da Iride. Lokacin tana aikatau a Villa Carzani, wani katafaren gida a bakin tafkin, tun masu gidan na ciki, kafin a mayar da shi gidan ajiye tsofaffin zane-zane. Aikinta na farko kowace safiya shi ne buɗe tagogin bene don iska ta ratsa ɗakunan. Shi kuma yakan kawo madara da burodi, sai ta leƙo daga sama ta yi masa tsiya.

"Kai mai kwalekwale, yau ma barci ya sace ka?"

Daga tsiyar nan aka kai ga aure.

Da tsufa ya zo, ciwon mantuwa ya kama Iride. Ta manta hanyar coci, ta manta sunan 'yarsu, daga ƙarshe ta manta shi. Tana ce masa "signore", wato yallaɓai, kamar baƙo, ta gode masa cikin ladabi, sannan ta tambaye shi yaushe mijinta zai dawo. Wannan tambaya tana cin ransa. Ba abin da yake roƙo a duniya illa ta sake duban fuskarsa ta san shi, ko sau ɗaya.

Shi ya sa wata Lahadi ya sa mata rigarta mai kyau, ya kai ta villa.

Mai gadin ɗakunan sama, Loredana, 'yar maƙwabcinsu ce. Ta tare shi a bakin matakala, ta rage murya.

"Signor Amilcare, don Allah a riƙe ta da kyau. Shugaban gidan nan ba ya ɗaukar wasa, in wani abu ya faru ni za a kora."

Tagogin a rufe suke ruf, domin rana tana cinye launin zanen. An gitta jar igiya tsakanin masu kallo da bango. Iride ta shiga babban ɗakin, inda hotunan matan gidan suke jere, ta yamutsa fuska.

"Wace malalaciya ce ta bar ɗakin nan haka? Sai warin danshi!"

Kafin ya ankara ta ɗaga igiyar ta wuce, tafiyarta tsaf kamar ta budurwa. Hannunta bai yi laluben sakata ba. Murfin taga ɗaya ya buɗe, rana ta faɗo kan hotunan, ƙararrawa ta ɗauki kuka. Ɗaya murfin ya cije. Ta juyo, ta dube shi ido cikin ido, da furfurarsa da komai.

"Amilcare, ka tsaya kana kallona kamar gunki! Zo ka kama mini wannan ɓarin mana."

Ta san shi. Daɗi ya kama shi. Amma ga ƙararrawa na ta ihu, ga baƙi sun ɗaga wayoyi, ga Loredana ta sheƙo a guje.

"Signor Amilcare, fito da ita! Na roƙe ka!"

Ya tsallaka igiyar. Taga tana gabansa, tura ɗaya kawai take jira. Sai ya kama wuyan hannun matarsa.

"Iride, an hana."

Ta dubi hannun da ya riƙe ta, ta ɗago ta dubi mai hannun. Yana kallo sanin ya gushe daga idonta, tsoro ya maye gurbinsa. Ta fizge, ta kasa ƙwacewa, sai ta juya wajen taga, wajen tafki, ta ƙwala kira.

"Amilcare! Amilcare, zo ka raba ni da wannan tsohon!"

Loredana ta rufe tagar tana hawaye, ba abin da ya sami hotunan. Shi kuwa ya sauko da Iride matakala a hankali, mutane suna ba su hanya. Har bakin ƙofa tana kiran sunansa da ƙarfi, shi yana riƙe da ita gam, ya kasa amsawa, don ya san ko ya amsa ba za ta yarda ba.