Kayan Balki na nan ƙarƙashin gadona

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka kira ni daga Azarori: Balki ta rasu a likita, asibitin Madawa. Mijinta ne ya doke ta da taɓarya. Yana hannun jandarma.

Ƙawata ce tun muna lakwal, makarantar boko, tare kuma muke saida gabu ranar kasuwa. In ta ga ciniki ya ƙi ni, sai ta turo mini masu sayenta, ta ce wai nata bai bushe ba. Ƙarya take, nata ya fi nawa.

Sau biyu tana yaji, sau biyu ana biko a maida ta. Da ta gane yaji ba zai fid da ita ba, sai ta fara shiri a ɓoye. Duk ranar kasuwa takan tura abu ɗaya ƙasan kwandon gabu ta bar mini: zane, takalman 'yarta Nana, takardun haihuwa, wata tsohuwar waya. Ta shirya da yayanta da ke Tawa, shi zai tarbe ta a tasha.

Ganinmu na ƙarshe, ta miƙo mini tulun kwallinta tana dariya, leɓenta a fashe.

"Aje min wanga, Rabi. Kasuwa mai zakkuwa ni da ɗiyata za ki gani, ba kwando."

Amma ta kasa tafiya ba sallama. Ta je ta yi bankwana da gwaggonta da ta rene ta. Gwaggo kuma, don a gyara aure, ta kira mijin ta gaya masa ya lallashi matarsa, tana shirin tafiya.

Ya koma gida.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. Don Allah in mace ta ce muku za ta gudu daga mai dukanta, ku riƙe bakinku. Ku ajiye mata kaya, ku raka ta tasha. Sulhu ya jira sai ta isa inda hannunsa ba ya kaiwa.

Ɗazu na jawo kayan. Takalman Nana zan kai mata wajen zaman makoki. Sauran ban san wanda zan ba ba.

Allah ya jiƙan Balki, ya ba ta hutun da ba ta samu a ɗakinta ba, ya raya Nana. Wanda ya karanta, ya sa ta a addu'a.