Takardar da na ɗora wa Bisimilla

Har gobe ban manta da wata ranar Laraba a watan Sha'aban ba, lokacin ina aiki da wani ƙaramin kamfanin kai mutane Umara. Ni ne malamin bita na Kankara, Faskari da Sabuwa. Ga wanda bai san aikin ba, malamin bita shi ke koya wa matafiya yadda ake ɗaura harami da ɗawafi da sa'ayi, ya kuma raka su har Makka ya dawo da su.

Akwai aiki na biyu da ba ya cikin takardar ɗaukata. Dattawanmu na ƙauye ba su yarda da takardar boko ba, ko da hatimi goma ne a jikinta. Amma in na rubuta sanarwa da ajami, na ɗora Bisimilla a sama, sai ka ga dattijo ya karɓa da hannu biyu. Saboda haka duk abin da kamfani ke son ya shiga kunnen mutane, ta alƙalamina yake bi.

A ranar mai kamfanin, Alhaji Sabi'u, ya kira ni ofis. Dala ta yi tsada a shekarar, kowa na kukan kuɗin guzuri. Ya ce surukinsa ya samo dala mai sauƙi, ƙasa da farashin 'yan canji.

"Malam Isiyaku, taimakon bayin Allah ne. Rubuta masu da hannun nan naka mai albarka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, me ya sa ta yi araha?"

Ya yi dariya. "Malam, kai da sanin fiƙihu, mu da sanin kasuwa. Ko kana zargina ne?"

Na ji kunya. Ban nemi a nuna mini ko takarda ɗaya ba. Na zauna na ɗora Bisimilla, na rubuta cewa kuɗi ne masu kyau, kuma ni shaida ne, na sa sunana a ƙasa. Aka buga kwafe, na raba su da kaina ranar kasuwar Yankara.

Cikin waɗanda suka karɓa akwai Baba Ilu, manomi daga Ketare, wanda ya sayar da shanun huɗarsa biyu don ya yi azumi a Makka. Ya bi rubutun da yatsa har ƙasa, ya ce, "Allah gafarta Malam, hannunka ne wanga?" Na ce nawa ne. Ya ce, "To shi ke nan, ba sai na tambayi kowa ba." Ya juye guzurinsa kaf ya karɓi dalar, ya ɗinke ta a lalita.

Kwana biyu da saukarmu Makka na raka shi wurin canji. Mai shagon ya ɗaga takardar dalar, ya dubi hoton da ke jiki, ya turo mana ita. Muka je na biyu, haka. A na uku muka tarar da wani Bahaushe mazaunin can, shi ya fayyace mana.

"Ai wannan mai ƙaramin kai ce, tsohon bugu. Ba jabu ba ce, amma nan ba mai karɓarta sai ɗaiɗaiku, su ma da rabin daraja. Wa ya haɗa ku da ita?"

Baba Ilu ya juyo, ni ya duba.

Na kira Alhaji Sabi'u a waya. Ya ce, "Jabu ce? To tunda ba jabu ba ce ina laifina? Kuma Malam, ni ban sa hannu a komai ba. Duba takardar ka ga sunan wa ke ciki."

Da rabin darajar Baba ya canza, don ba yadda zai yi. Ya yi azuminsa da dabino da ruwan Zamzam da abin da ake rabawa a Harami lokacin buɗa baki. Sau uku ina kai masa abinci masauki, sau uku yana cewa, "Na ƙoshi, Malam." Ranar da za mu taso kowa na ɗaure jakunkunan tsaraba, shi ko carbi ɗaya bai saya wa jikokinsa ba.

Bayan Sallah na ajiye aikin. Na sayar da ragunan da nake kiwo, na hau babur zuwa Ketare da nufin in rage masa asara. Na same shi a gona shi da 'ya'yansa suna huɗa da hannu, damina ta sauka babu shanu. Muka gaisa. Na miƙa masa abin da na zo da shi, ya girgiza kai.

"Ba kai ka ci ba, ba zan ci naka ba. Amma ina da ajiyarka."

Ya zaro takardar sanarwar nan daga aljihu. An yanke samanta da reza, a miƙe, daidai ƙarƙashin Bisimilla.

"Sunan Allah na riƙe, ba a yar da shi. Sauran naka ne, Malam."

Daga ranar ba wanda ya sake kawo mini wasiƙa ko takardar gona in rubuta masa daga wajen Ketare. Kamfanin kuwa ya sauya suna, yana nan yana jigilarsa.

Ku da kuka shigo aikin bita yanzu, ku sani masu kamfani ba iliminku suke biya ba, yardar da mutane suka yi maku suke haya, kuma ranar da ta ƙare ba za su biya ku diyyarta ba. Kada ku shaidi kuɗin da ba ku riƙa da hannunku kun kai wa wanda ya san su ba. Guntuwar takardar tana cikin gafakata har yau. Allah Ya yafe mini.