Shawar da Aka Kafa wa Inna

Shekarar da ruwan famfo ya iso unguwarmu a Gumel, ba a daɗe da fara kashe naira ba, ita ce shekarar da ɓarin jikin surukata na dama ya shanye. Maigida ya ɗauko ta daga Maigatari ta dawo wurinmu. Inna muke ce mata.

Ni nake yi mata wanka. Allah ya sani ban taɓa jin nauyin aikin ba, amma ita tana ji. Da na ɗauki ƙwarya sai ta juya fuska ga bango, ba za ta ce uffan ba har mu gama. Matar da ko ruwa ba ta sha a gabana, ga shi ina cuɗa mata baya. Har ta fara cewa sanyi take ji, a bari sai gobe, alhali muna tsakiyar bazara.

Shi ya sa maigida ya sa aka rushe bangon ƙasa na makewayi aka tayar da na bulo, don a kafa shawa irin wadda na sani a makarantar kwana. Mutum ya murɗa, ruwa ya zubo masa daga sama, ba sai wani ya ɗaga masa ƙwarya ba. Ya samo mai aikin famfo daga Kano, ya nuna masa wuri, ya hau babur ya tafi rangadin aikin gona Gagarawa da Sule Tankarkar, kwana uku.

Tun hantsi guduma take dukan bulo. Ina ɗaki, don ba na fita gaban baƙon namiji, amma na kasa zama. In ɗauki tsintar shinkafa in ajiye, in leƙa taga in dawo. Da ya fita sallar azahar na yi wuf na shiga makewayin. Ya sassaƙe hanya a jikin bangon ya kwantar da bututun ƙarfe, kan famfon da ake murɗawa yana daidai ƙirjin namiji tsayayye. Inna ko da lafiyarta ba ta wanka a tsaye, a wurin mutanen da rashin tarbiyya ne. Yanzu kuwa a 'yar kujera za ta zauna. Na zauna na miƙa hannu, ni ma da ƙyar na taɓo shi.

Ba zan iya ce wa Inna ta miƙo hannu in auna ba. Sai na tuna ƙusar da take rataye carbi a gefen shimfiɗarta, wadda ita ta nuna inda za a kafa, daga zaune. Na shiga ɗakinta kamar mai shara, na auna tsayinta da kaba, na koma na ja layi da gawayi a sabon bangon.

Mai aikin famfon ya dawo, na ji shebur yana kwaɓa siminti. Can sai muryarsa.

"Salamu alaikum, masu gida! Wa ya yi min zane a bango?"

Na tsaya bayan ƙyaure. "Malam, ni ce. A sauko da kan famfon nan wurin."

"Nan ƙasa? Uwar gida, agwagi ne za su yi wankan?"

"A dai sauko da shi, don Allah."

"Maigida ya ce irin na gidajen ma'aikata. Na yanke bututu, na fitar masa da zaren ɗaura kan famfo, ga siminti yana jirana. In ya dawo ya ga famfo a gwiwa, ni zai kira mahaukaci."

Na ji ya ɗebo simintin. In ya shafe, shi ke nan, gobe yana Kano. Faɗar dalili kuma tona asirin Inna ne a gaban baƙo, ga ɗakinta kusa, tana ji. Na yi salati a zuci.

"Tsohuwa ce za ta yi wanka. A zaune. Ita kaɗai."

Sai na ji ya mayar da simintin cikin kwano.

"Wane hannun ne mai lafiya?"

Wallahi ban yi wannan tunanin ba. Layina a dama na ja shi. "Na hagu," na ce.

"To zanenki ma bai yi ba. Ki ɗora min shayi, aiki ya dawo sabo."

Har la'asar sakaliya yana sassaƙa sabuwar hanya, yana mita shi kaɗai. Ranar Inna tuwon ma kaɗan ta taɓa. Na kwana biyu ban san ko na gyara ko na ɓata ba.

Da siminti ya bushe na kai ta, na zaunar da ita, na ajiye soso da sabulu a hagunta, na jawo ƙofa. Na kai gindin darbejiya na dawo ya fi sau goma. Sai na ji ruwa ya zubo, na ji ta ce "Bismillahi!" da ƙarfi. Ruwa ya yi ta zuba, ya yi ta zuba.

"Ke 'yar nan!"

Na ruga, hannuna har ya kai ƙofa.

"Kada ki shigo. Faɗa min daga nan, ta ina ake tsayar da ruwan saman nan naku?"

"Murɗa shi wajen ƙofa, Inna."

Na kasa kunne. Ruwan ya tsaya.