Malamar da Ta Fasa Dutsen Gonarmu

Shekarar da muka gaji gonar Kausani, ni da yayana, wata safiya muka tarar da wata mata durƙushe a kan falalen dutsen da ke gefen gonar, tana dukansa da ƙaramar guduma. Bayan mun gaisa ta ce ita malama ce a jami'ar Wudil, ilimin duwatsu take koyarwa, kuma mai unguwa ya san da zuwanta.

Yaya ya ja ni gefe. "Zinariya suke nema," in ji shi. "Yau guduma, gobe takarda, jibi ba mu da gona."

Ni ma hankalina bai kwanta ba. Na koma na tsaya a kanta.

"Malama, me ke cikin dutsen?"

Ta miƙo mini guntun da ta fasa. "Duba, Malam. Ga fari, ga ja-ja, ga baƙi mai ƙyalli. Da can narkakke ne a ƙarƙashin ƙasa, kamar dalma a wuta. A hankali ya huce, shi ya sa ƙwayoyinsa suka yi manya."

"Mai ƙyallin fa?"

"Kankare shi da farce."

Na kankare, ya ɓare kamar ɓawon albasa. Ta ce rairayin da ake ɗiba a kogi ma irin wannan dutsen ne, rana da ruwa suka farfasa shi. Nan zargina ya ƙaru. Dutsen da tun kakanmu ake shanya barkono a kansa, ko gezau bai yi ba?

Yaya ya ce sai ta bar mana rabin abin da ta fasa. Ta bari ba musu. Ya kai wa wani maƙerin zinariya a Kano, mutumin ya tambaye shi ko gini yake yi. Yaya ya dawo yana cewa maƙerin da malamar bakinsu ɗaya.

A ranar da ta zo, kafin ta tafi, ta nuna mana wani kwari kusa da wata kuka a gonar, ta ce dutsen ya tsattsage a ƙarƙashin wurin, ruwa a tsaga yake kwanciya, in za mu haƙa rijiya mu haƙa nan. Muka ƙi, don kada mu yi mata haƙa a banza. Muka haƙa a wani gefen, gaba biyu muka ci karo da dutse.

Sai bayan damina biyu muka koma wurin kukar. Ruwa ya fito. Da shi nake ban-ruwan tumatir yanzu, ban kuma sake ganinta ba balle in gaya mata.